Likita Mahfuza Ta Zaɓi Ƙaramin Albashi

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Sirajul Mondol. Limamanmu da malamanmu. Shugabannin 'yan kasuwa da na masunta. Maƙwabtanmu mabiya addinin Hindu da suka amsa gayyata. Ma'aikatan asibiti manya da ƙanana. Iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangare. Jama'ar Kajalpur baki ɗaya. Da ke kanki da muka taru dominki, Likita Mahfuza Khatun: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga kwamitin gari da ya kafa wannan rumfa, ina godiya ga matan da suka wuni a bakin murhu suna dafa mana shinkafa da kifi, ina kuma godiya da aka zaɓe ni in yi jawabin ban kwana, saboda ni na koyar da Mahfuza lissafi tun tana zuwa makaranta da takalmanta a hannu don kada taɓo ya cinye su. An so in yabe ta, in yi mata fatan alheri, in zauna. Zan yabe ta, amma ku yi mini haƙuri, ba zan zauna da wuri ba, domin na tsaya a gabanku yau da nauyin da ban taɓa tsayawa da shi ba.

Abu na farko shi ne maganar da ke yawo a gari. Shekaranjiya ina zaune a wurin mai shayi na bakin kogi, sai na ji wani yana cewa, "Ai Likita ta hango fam ɗin Ingila, taka, kuɗinmu na gida, ta zama takarda." Wani ya amsa, "Bar ta, baɗi za ta dawo da laima tana tambayar ina ne hanyar gidansu." Aka yi dariya. Na san a cikinku akwai masu irin wannan tunani, don haka bari in gaya muku gaskiyar lissafin, tunda lissafi ne sana'ata.

A nan Mahfuza ita ce babbar likitar mata. Tana zaune a gidan gwamnati mai fili da bishiyar mangwaro, ba ta biyan haya. Shinkafarta daga gonar mahaifiyarta take zuwa. Da yamma tana duba marasa lafiya a ɗakinta na kanta, abin da take samu a nan kaɗai ya ishi gida. A can kuwa za ta koma ƙasa, ta fara daga matakin da ta baro tun tana budurwa, a ƙarƙashin yaran da ta isa ta koyar da su riƙon almakashi, har sai ta sake cin jarrabawa. Albashin da aka yanka mata, idan ka juya shi zuwa taka, sai kanka ya yi jiri. Amma ba a Kajalpur za ta kashe shi ba. Haraji zai ɗebi nasa tun kafin kuɗin ya iso hannunta. Hayar ɗaki biyu za ta haɗiye kusan rabin abin da ya saura. Za ta sayi ɗumin ɗaki da kuɗi, ta sayi mai duba mata yara da kuɗi, ta sayi ƙullin alayyafo a farashin da muke sayen babban kifi. Mijinta Anisur, malamin kwaleji da muke miƙewa idan ya shigo, bai san aikin da zai samu ba. Ɗana da ke can ya ce irinsu yawanci jera kaya suke yi a kanti. Idan wata ya ƙare, abin da zai rage a hannunta bai kai abin da take ajiyewa a nan ba. Ku ji da kyau, jama'a: ba ƙarin albashi za ta bi ba, ragi ta karɓa da idonta biyu.

Abu na biyu, me ya sa? Kun sani, na sani, amma tunda abin ya faru babu wanda ya faɗe shi a bainar jama'a. Da daminar da ta wuce, lokacin da ruwa ya shanye hanya, an kawo wata matar aure mai suna Shefali cikin kwale-kwale, surukar wani babban gida a garin nan. Ta daɗe tana naƙuda a gida ana ta jiƙe-jiƙe, sai da jini ya ɓalle aka tuna da asibiti. Mahfuza ta shiga da ita, ta ceci uwar, jaririn kuwa ya riga ya rasu tun a ciki. Da ta fito ta sanar, sai mazan gidan da mutanensu suka farfasa tagogi, suka jawo ta har farfajiya, suka fizge mata mayafi, wani ya ɗaga hannu ya mare ta. Da rana tsaka aka yi wannan, kasuwa na ci. Mutane suka cika ƙofar asibiti. Babu wanda ya shiga tsakani, amma da yawa sun ɗaga waya suna ɗauka. Bayan haka aka kira zaman sulhu, manya suka zauna, suka yanke cewa ita ce za ta ba da haƙuri, wai don a zauna lafiya.

Ba na gari ranar, ina Dhaka wajen aikin ido. Da na dawo aka nuna mini hoton a waya, na gane fuskoki. Wanda ya ɗaga hannun nan ɗalibina ne. Waɗanda suka tsaya kallo, rabinsu ɗalibaina ne. Yawancinsu kuma wannan matar ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansu.

Da labarin tafiyarta ya fito, kwamiti ya aike ni in lallashe ta. Na tafi da ƙarfin gwiwa, domin na san lissafi yana bayana. Na same ta a ƙarƙashin mangwaro tana tsince wake. Na ce, "Ke Mahfuza, ni na koya miki tarawa da ɗebewa, kada ki kunyata ni a gari. Wane irin ciniki ne wannan, a ba da saniya a karɓo akuya?"

Ta yi dariya ta ce, "Malam, sha shayinka kar ya huce. Har yanzu ba ka daina ba ni sifili ba?"

Na jera mata haya, na jera mata haraji, na jera mata sanyi da kaɗaici. Na ce, "Mahaifiyarki fa? Tsohuwa ce, wa zai riƙa duba ta?" Nan ta daina dariya.

Ta ce, "Malam, wallahi duk na lissafa, ni da Anisur, har mun gaji. Babu ta inda muka juya shi ya ba mu riba. Inna kuwa ita ce ta ce in tafi. Ta ce gara ta riƙa jin muryata a waya da ta sake ganina a waya."

Sai ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ka bari a lissafinka. A can idan mara lafiya ya mutu a hannuna, ofis za a kira ni, a ba ni kujera, a yi mini tambayoyi. A nan, tun ranar nan, duk sanda na ɗauki wuƙar aiki sai kunnena ya koma ƙofa, ina sauraron ko an fara taruwa. Likitar da kunnenta ke ƙofa wata rana za ta kashe wata. Ka gaya mini kuɗin wannan, Malam, in sa a lissafin."

Jama'a, ga ni nan, malamin da ya koyar da lissafi har gashinsa ya yi fari. Na ajiye kofin shayi na fito, ina bin gefen hanya kamar wanda ya yi sata.

Abin kunya ne a ce 'yar gari ta auna mu da hayar ɗaki a ƙasar sanyi, hayar ta fi mu sauƙi. Abin kunya ne a ce mace ta yarda ta sauka daga kujerarta, ta bar uwarta, ta mayar da mijinta ɗan jera kaya, don kawai ta yi aiki ba tare da tsoronmu ba. Abin kunya ne kuma a ce bayan duk wannan, mu ne muke zama a wurin mai shayi muna kiranta mai kwaɗayi.

Abu na uku roƙo ne. Mahfuza ta riga ta tafi, ko da jikinta na nan. Amma akwai ƙaramar likita da aka turo ta maye gurbinta, akwai ungozomomi, akwai masu jinya, kuma duk suna kallonmu, duk sun iya lissafi. Ku kawo matanku asibiti tun da sauran lokaci. Idan Allah ya karɓi rai, ku nemi bayani da baki, ku bi hukuma idan kuna da ƙorafi. Idan kuka ga an ɗaga hannu a kan mai yi muku aiki, ku mayar da waya aljihu ku shiga tsakani. Ku kuma manyanmu, kada a sake kiran sulhu a ɗora haƙuri a kan wanda aka mara.

Kafin in zauna, ku sani cewa a duk garin nan mutum ɗaya ne ya taka har gidan Likita ya nemi gafara. Ba mai marin ba ne, ba masu sulhu ba ne. Shefali ce, wadda ta rasa ɗanta. Ta fito ba da yardar gidan ba, ta kai mata bargon da ta ɗinka da hannunta daga tsofaffin zannuwanta, ta ce, "Yaya, an ce can akwai sanyi. Ki yafe mana." Ga ta can zaune a layin ƙarshe, ta rufe fuska. 'Yata, buɗe fuskarki. A rumfar nan ke kaɗai ce ba ki da dalilin rufe ta.

Ya Allah ka kai Mahfuza da iyalinta lafiya, ka sa albarka a ɗan abin da za ta samu, ka haɗa ta da mutanen da suka fi mu sanin darajarta. Ka raya mahaifiyarta har su sake ganawa. Ka ji ƙan jaririn Shefali, ka ba ta wani rayayye. Ka shiryi matasanmu, ka ba manyanmu ƙarfin faɗin gaskiya, ka yafe wa garin nan abin da ya aikata da abin da ya tsaya yana kallo. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.