Linkin da Ya Ƙi Buɗewa

AUTA: Salamu alaikum! Yaya, kina jina?

YAYA: Wa'alaikumus salam, Autar Mama! Yau wace rana? Ina wuni?

AUTA: Lafiya lau. Ya yara? Ya jikin babansu?

YAYA: Ya warware, har ya fara faɗan an ɓatar masa da caja. Ya maigidanki? Ya sabon aikin asibiti?

AUTA: Alhamdu lillahi. Ai aikin ne ma ya sa...

YAYA: Na sani! Ke ba kya neman yayarki sai kwamfuta ta shaƙe miki wuya. Faɗi.

AUTA: Shafin nan da na gina musu, mai tura wa mutane linkin sakamakon gwajinsu ta waya. Anjima babban likita zai gwada shi gaban kowa. A kwamfutata yana buɗewa sumul, a waya kuwa ko motsi.

YAYA: Karanto min farkon linkin.

AUTA: Lokal...hos...

YAYA: Lokaci? Ni ma ba ni da shi, tukunya na bari a wuta!

AUTA: Ba lokaci ba! Lokalhos! Layin ne ke yankewa, bari in fita baranda. Yanzu fa?

YAYA: Yauwa. Lokalhos? Kai, Auta! Ai adireshin kwamfutarki ke nan. Kamar ki ba baƙo kwatance ki ce masa "ɗakina". Ɗakinki a wane gari? Shiga fayil ɗin saituna, ki sa ainihin adireshin shafin, ki sake tayar da saba, wato injin da ke ɗauke da shafin.

AUTA: Dakata... na sa... tana tashi... Wayyo! Yanzu kuma huɗu-sifili-huɗu, wai babu shafin.

YAYA: Ci gaba ne, aƙalla ya iso ƙofar gida. Kin canja sunan hanyar da linkin ke bi zuwa shafin kwanan nan?

AUTA: Eh, da "gwaji" ce, na mai da ita "sakamako".

YAYA: Linkin kuma da hannu kika rubuta shi a cikin saƙon, ko?

AUTA: Yaya, sauri nake yi ranar...

YAYA: Sauri ya haifi nawa! Kin tashi daga gida kin bar mutane suna sallama a tsohon. Goge shi. Kira hanyar da sunanta, ki miƙa mata lambar gwajin, manhajar ta haɗa linkin da kanta. Ko gobe kika sake canjawa, zai bi ki.

AUTA: To... na adana... Ya buɗe! Wallahi ya buɗe! Yaya, Allah ya bar mana ke!

YAYA: Kar ki yi rawa tukuna. Wayarki tana kan intanet ɗin ofis. Turo min ɗaya in gwada daga nan.

AUTA: Ɗaya kawai nake da izinin turawa.

YAYA: To turo shi mana. Me kike wa dariya?

AUTA: Ba komai. Na turo. Lambar sirrin, ranar haihuwata ce.

YAYA: Ya shigo. Ga tambarin asibiti, ga... ke, ai sunanki ne wannan. Ba ki da lafiya ne?

AUTA: Karanta ƙasa.

YAYA: Gwajin juna bi... Auta! Auta!! La ilaha illallahu! Da gaske?

AUTA: Kin fasa min kunne! Bakina ne ya kasa faɗa.

YAYA: Shekara da shekaru muna roƙon Allah, ki tsaya kina min zancen saba? Alhamdu lillahi! Ga hawaye har kan waya. Mama ta sani?

AUTA: Ina! Da wane idon? Ke za ki gaya mata. Yaya, ga likita ya leƙo, kuma katina ya kusa...

YAYA: Ki zauna! Kar ki ƙara ɗaukar jakar kwamfutar nan, kin ji ko? Kuma ki ce wa maigidan naki... Hello? Auta? Hello!