Bayahuden da Ya Yi Gadin Juma'armu

Mai girma wakilin Jakadan Najeriya, Malam Rabbi limamin Yahudawa da dattawan majami'a, limaminmu Dakta Hambali, Anti Ruth 'yar marigayi da yaranki, 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku. Ya ƙarin haƙuri? Shafa'atu, matsa kusa da Anti ki fassara mata, kada ki rage komai.

Baba Emil ya kasance mai ba mu ɗaki a nan unguwar Camberwell, lokacin da wasu da sun ga fuskarmu sai su ce an riga an kama. Arzikin man fetur ya kawo mu karatu, amma bai buɗe mana ƙofa ko ɗaya ba. Ya kasance mafaɗaci, wannan kam ba a ɓoyewa, abokinmu Almu ya sha faɗa a kan barin famfo a buɗe. Ya kasance Bayahuden da ya kwashe kujerun falonsa domin mu yi sallar Juma'a.

To, mu da halinmu, sai muka riƙa jera takalma a bakin titi kamar muna Fagge. Ƙafa talatin! Wata Juma'a ana cikin huɗuba, 'yan iskan unguwa suka zuba musu fetur suka ƙyasta ashana. Ɗan'uwanmu Uwaisu da safa kawai ya hau bas. Mun yi dariya, amma muka ce wa juna: yau takalma, gobe gidan. Muka je muka durƙusa muka ce, "Baba, mun daina. Ba za mu ja maka masifa ba."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya zaunar da mu, ya ba mu labarin majami'ar garinsu a Jamus. Shekararta ɗari biyu, kakan kakansa ne ya sassaƙa ƙofarta, a cikinta aka ɗaura aurensa. A 1938 aka banka mata wuta. 'Yan kwana-kwana suka zo suna fesa wa gidajen maƙwabta ruwa, ita kuwa suka bar ta tana ci. Ya ce, "Maƙwabtanmu duk suna taga suna kallo. Da mutum ɗaya ya sauko ya tsaya a ƙofar, ko ba ta tsira ba, da na yafe wa garin nan."

Da Juma'a ta zagayo, ya fito da kujera ya zauna a bakin ƙofa. Shekara huɗu cur, ruwa da ƙanƙara, tsoho ɗan saba'in da biyar. An zage shi, an tofa masa yawu, ko gezau. Ba mu fasa Juma'a ko ɗaya ba, kuma wallahi muna alfahari da shi.

Anti Ruth, kin ce an farfasa gilashin majami'arku makon jiya, tsofaffi suna tsoron zuwa addu'ar Baba. Ki ce musu su zo. Asabar ɗin nan mu talatin muna bakin ƙofar majami'ar, a tsaye, har ku idar.

Mun gode muku duka. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci zuriyarsa, mu kuma ya ba mu zuciyar cika abin da na faɗa yanzu a gaban shaidu. Amin.