Fensiran Auta

A bencin tasha, ana jiran mota ta cika, wata matashiya ta ɗora kwali a cinya tana zana haruffa. Dattijon da ke gefenta ya gaji da leƙe.

"'Yata, wannan aiki ne ko kashe lokaci?"

"Aiki ne, Baba. Wani mai gidan burodi ne yake son sunan shagonsa da rubutun hannu, a buga a jikin leda."

"Ga na'ura ko'ina, sai ke?"

"Ya gwada. Nasa ya fito sak na maƙwabcinsa, har masu saye suna rikicewa."

Dattijon ya yi tsaki. "Kuma mahaifinki ya zuba miki ido?"

"Da farko faɗa ya yi. Yanzu ko allon wani shago ya gani, sai ya ce nawa ya fi kyau."

Dattijon ya sake leƙa kwalin. "Autata ma haka take. Duk ta cika bangon ɗaki da tsuntsaye. Shekaranjiya na ƙwace fensiranta."

"Ka zubar?"

"Suna nan a aljihuna." Ya gyara zama. "Wannan kwalin naki, a ina ake sayar da irinsa?"