Autana da Bencin 'Yan Ƙwallo

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Hajiya Lami ce daga unguwar Ardwick, nan ƙasar Turawa. Ban yi boko ba, 'yata ke rubuta min.

Autana Sani, direban bas, yana buga ƙwallon nan na Ostiraliya da ake rungumewa kamar jariri. Duk Asabar ina kai musu ƙosai fili. Kullum sai in tarar yana zaune a benci, yara na ta gudu. Har alfahari nake, na ɗauka girmama shi ake don ya girme su!

Rannan 'yan kallo suka kaure da gardama, wasu na cewa a saka Sani a wasa, wasu a sallame shi. Maƙwabcina Bitrus ya ce, "Mama, ba girma ba ne, ɗanki ne ba ya gudu."

Yanzu Sani ya ce Birmingham zai koma, can za a saka shi. To wa zai riƙa kai ni wurin GP, wato likita?

Kocinsu ya zo har flat ɗin da muke zaune yana roƙon kada Sani ya tafi. Na ce, "Sani kake so, ko ƙosai?" Sai ya hau sosa ƙeya.

Jama'a, ku ba ni shawara: in janye ƙosan sai an saka ɗana?