Kujerar Bakin Taga

A bencin asibiti a Chipata, Misozi ta rungume 'yarta Tisa. Matar da ke gefenta, wadda suka shigo tasi ɗaya kafin a-kori-kura ta daki ƙofar baya, sai kallon yarinyar take yi.

"Har gyaɗa take ci," in ji matar. "Wasu dai da sa'a aka haife su."

"Baiwar Allah, ɗinki biyu fa aka yi mata."

"Ɗinki biyu! Nawa ɗan yana ciki, haƙarƙari uku sun karye."

"Likita ya ce zaman tsakiya ne ya cece ta. Wai in aka daki mota ta gefe, na jikin ƙofa ke shan dukan."

"Tsakiyar da kika yi ta tsaki a kanta tun daga tasha?"

Misozi ta tuna yadda ta riƙa hararar yaron yana shan iska, tata 'yar kuwa a matse tsakanin manya.

"Na yi. Wa ba ya so ɗansa ya ga hanya?"

"To, ai nawa ya gani."

Tisa ta miƙa wa matar gyaɗa. Ba ta karɓa ba.

"Kin san abin da ke cina? 'Yarki ce ta fara zama a wurin. Kina can kina sa buhu a but ɗin mota, na ce mata, matsa ciki, ɗana Dalitso na son taga."

Misozi ta ƙara ƙanƙame 'yarta, ta rasa ko godiya za ta yi.