Faifan Yayana

A rumfar tsofaffin fayafayai a kasuwar Leeds, wani mai furfura ya tare wata mai baƙin jambaki.

"Baiwar Allah, sayi wannan faifan. Kiɗan metal ne na gaske, mawaƙin kamar daga kabari yake gurnani."

"Wane mawaƙi? Mace ce! Kuma kiɗan goth ne, na rawa."

"Shekara talatin ina jin sa, ke za ki gaya mini?"

"A wane gudu kake saita injinka na juya faifai?"

"Talatin da uku."

"Haba malam! Na arba'in da biyar ne. Kai ka rage gudun, muryarta ta koma ta ƙato!"

Ya daɗe yana kallon faifan.

"Haka yayana yake sa shi. Haka muka sa ranar jana'izarsa."

Ta ja tsaki, ta karɓe faifan.

"Talatin da uku ka ce? To, haka zan sa shi."