Alkunyar da ta ba Garba mota

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Malam Habu ne daga Madabo.

Shekara uku ina koya wa wani Bature mai bishara, malamin jami'a, karatun ajami a zaurena. Bana da soja suka koma bariki, wata ƙungiyar mishan ta haɗa kai da shi kan littattafan yaƙi da jahilci. Baturen ya ce mini, "Malam, zo mu yi tare." Na yi alkunya na ce, "Ai ban kai ba," ina jiran ya sake roƙo. Sai ya ce to, ya ɗauki maƙwabcina Garba, wanda ni na koya wa riƙe alƙalami.

Ba hassada nake ba, amma motar da ke ɗaukarsa a ƙofar gidana take tsayawa, don lungunsu ba ya shiguwa.

Jama'a, ku ba ni shawara: in je in ce na kai, ko in ci gaba da share wa motar Garba wuri?